Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mahaya Keken Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kowa ya tashi lafiya, wannan takarda taku ce gaba ɗaya: birkilan da ke fitowa daga Tudun Jukun tun da duku-duku, da mai gadin da ke komawa Hayin Dogo bayan ya kwana a bakin aiki, da malamin firamaren da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, da manomin da ke shigo da rake kasuwar Sabon Gari, da ɗan makarantar da aka saya wa keke don a huta da kuɗin mota. Ni ma ɗayanku ne. Na daɗe a kan sirdi, kuma ba ni da niyyar sauka, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Kowa ya ga yadda muka ƙaru. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, kekunan da suka shekara a jingine a zaure suna cin tsatsa aka kakkaɓe su aka kai wa mai faci. Wanda a da yake jin kunyar a gan shi a kan keke, yau shi ne ke wuce ka a gadar Kubanni yana fito. Abin murna ne. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ga motsa jini a kyauta. Sai dai yawan nan ya tono wani abu da ba ma son a faɗa: da yawanmu mun iya keke, ba mu iya titi ba.

Na san abin da za ku ce. Direbobi ba sa ganin mu a bakin komai. Ɗan acaɓa ya goge ka ya wuce ko waiwaye babu, mai Keke Napep ya sha gabanka ya danna birki don ya hango fasinja, mai bas ya matse ka har sai ka gangara lambatu. Duk gaskiya ne. Ai ko Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, da ya ce 'yan Najeriya su koma keke, ya kuma hau da kansa a Abuja don a gani, bas ce ta tura shi rami. In minista bai tsira ba, ina ga mai rake? Amma wannan wasiƙa ce ta daban, ga mutane daban. Yau tudun da muka taka nake so mu duba, mu ɗan bar hango na wasu.

Maganata ɗaya ce: keke abin hawa ne, mai keke kuma direba ne. Littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya san da zamanmu, ya kuma ɗora mana namu nauyin. Bambancinmu da direban mota shi ne, shi ana neman lasin a hannunsa, ko ba komai da sunan an gwada shi, mu kuwa babu mai tambayar mu komai. Yaro ya koyi daidaita kai a filin ƙwallon unguwa yau, jibi yana tsakiyar Kwangila tsakanin tirela da tanka. Dattawa suna ba da labarin zamanin En'e, lokacin da keke ke da lasin ana biya, ɗan doka kuma yana iya tsayar da mutum a kan rashin fitila ko ƙararrawa. Ba cewa nake a dawo da wannan ba, zan zo kan dalili. Amma mutanen wancan zamani sun san cewa wanda ya hau Rali ɗinsa ya shiga titi, amana ya ɗauka.

Babbar cutarmu ita ce wanwe. Tun 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma wanda ya tsaya a bakin titin Sakkwato da hantsi, tsakanin Kwangila da Samaru, zai rantse har yanzu sanarwar ba ta iso wa masu keke ba. Abin da ya fi damuna kuma, yawancin masu yi ba don taurin kai suke yi ba. Sun yi imani shi ne daidai. Ka tambayi mutum, sai ya ce maka, “Malam, ai gara in riƙa ganin abin da ke zuwa, da a zo a kwashe ni ta baya.” Magana ce mai kama da hankali, kuma tana da asali. Mai tafiya a ƙasa, inda ba a ware masa gefe ba, shi aka ce ya fuskanci motoci. Shi kuwa taku ɗaya zai yi ya fice daga kwalta. Kai da ke kan taya biyu, ga buhu a kariya, ina za ka yi tsallen?

A yi lissafi. A ce mota tana gudun kilomita 60 a awa, kai kana yin 15. In hanyarku ɗaya, da gudun 45 take cim maka; direban yana da lokacin ganin ka, ya rage wuta, ya bi ka a baya har ya samu sararin wucewa. In kuwa kun fuskanci juna, da gudun 75 kuke haɗuwa, kuma babu zancen ya jira ka, dole ɗayanku ya kauce nan take. Wannan ma ƙarami ne a kan abin da ke faruwa a mahaɗa. Direban da zai fito daga layi ko daga gidan mai ya hau titi, hagu yake kallo, don daga can motocin hannunsa ke zuwa. Ya ga sarari, ya saki mota. Kai kuma ga ka nan ta damansa, daga inda babu dalilin da zai sa ya zaci komai. Ba mugunta ya yi ba, bai gan ka ba ne. Haka tsohuwar da za ta tsallaka, haka yaron da aka aika: hagu za su duba su sa ƙafa. Sannan ga ɗan'uwanka mai keke da ke tafe a kan ƙa'ida. Ku yi kiciɓis a ɗan siririn gefen nan, kai ka manne da bakin titi, shi mai gaskiyar shi ne zai kauce cikin motocin da ke bayansa, waɗanda ba ya ma gani. Kai ka yi laifin, shi ya ɗauki haɗarin. Wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya kira shi da sunansa.

Na san an raba manyan tituna gida biyu, wajen juyawa da nisa, ga rana, ga lodi. Wanda gidansa ke tsallake yana ganin wauta ce ya yi wannan dogon zagaye da ƙarfin cinyarsa. To akwai abin da muke da shi wanda mai mota ba shi da shi: sauka. Ka sauka ka ja kekenka, ka koma mai tafiya a ƙasa, ka tsallaka inda mutane ke tsallakawa, ko ka tura shi a gefe har inda za ka. Sauka daga keke ba ta taɓa zama abin kunya a garin nan ba. Iyayenmu sauka suke yi don su gaida na gaba da su kawai.

Sai dare. Daga magariba zuwa bayan lisha, a hanyar Shika ko ta Basawa, mai keke marar fitila babu shi a idon direba. Mu muna ganin motar, sai mu ɗauka ita ma tana ganin mu. Direban kuwa fitilar wata motar ta kashe masa ido, gilashinsa ya yi ƙura, ba zai ankara ba sai ya ji ƙara. Da hunturu abin ya fi muni, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da kunne saboda sanyi. Da azumi kuma gab da shan ruwa kowa sauri yake, mai mota da mai keke, a daidai lokacin da ido ya fi ruɗewa. A da keke da danamo yake zuwa, yana gogar taya yana ba da haske. Yau ko danamo ba a buƙata, ƙananan fitilun caji sun cika kasuwa: fara a gaba, ja a baya. Wanda bai samu hali ba, ko ɗan jan gilashin nan mai ƙyalli na bayan keke ya mayar, ya sa farar riga. Riƙe tocilan ɗin waya da hannu ɗaya kuwa ba fitila ba ce. Ka cire hannu daga birki ne kawai, bayanka kuma yana nan a duhu, alhali da dare ta baya ake kwasar mutum.

Tunda an ambaci birki, a faɗi gaskiya: kekuna nawa ne a garin nan birkinsu silifa ne? In an zo tsayawa a sa ƙafa a taya, ko a ja ta a ƙasa har takalmi ya cinye. Robar birki tana cikin mafi arha a kayan keke, amma mutum zai sayi fulawar roba da madubi biyu ya ƙawata kai, ya bar birki yana lilo. Na gaba shi ya fi kamawa, amma in ka damƙe shi shi kaɗai kana gudu zai watsa ka ta gaba, don haka biyun ake so, tare ake kama su. Da damina wili ya jiƙe, roba santsi take yi kafin ta kama, sai a fara rage gudu tun daga nesa. In ka yi wa wani magana ya ce, “Allah ke tsarewa.” Haka ne, babu mai tsarewa sai Shi. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure tukuna sannan ya dogara. Mun mai da kalmar tsautsayi bargon rufe sakaci. Wanda ya san kekensa ba birki, ya goyo ɗansa ya shiga titi, ba tsautsayi ya same shi ba.

Zariya mahaɗa ce. Wanda ya fito Kaduna za shi Kano, da mai zuwa Funtuwa da Sakkwato, da mai gangarawa Jos, duk ta nan suke bi, shi ya sa manyan motoci ba sa yankewa a Ɗanmagaji da Kwangila da Dogarawa. Direban tirela yana can sama. Abin da ke gefensa na dama, kusa da taya, ba ya ganin sa. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Kuma doguwar mota in za ta sha kwana, kanta yakan buɗe waje, tayoyin baya kuma su yanke ta ciki. Sararin nan da ka hango tsakaninta da bakin titi kana murnar za ka kutsa, rufewa zai yi da kai a ciki. Ka tsaya ta gama juyawa. Ku kuma samari masu kama bayan tifa don ta ja ku, ƙannena, direban bai san da ku ba. Ranar da ya taka birki ko ya kauce wa rami, babu wanda zai gaya muku.

Keke ba shi da sigina, hannu ne siginarsa. Ka waiwaya, ka miƙa hannu, sannan ka juya. Ba ka fara juyawa ba sannan ka waiwaya ka ga wa ya yi maka oda. A shataletale, ko na Agoro ne ko na Babban Dodo, wanda ke ciki shi ke da hanya, kuma ta dama ake shiga a zagaya, ba a yanke ta hagu don wai nan da can ne. Inda danja ta nuna ja, ko jami'i ya ɗaga hannu, har da mu ake nufi. Waya a kunne, ko jerawa uku ana hira a kan babban titi, ba sai na ɓata tawada ba. Hular kwano kuwa na san dariya za a yi mini, amma ƙoƙon kan mai keke da na mai babur iri ɗaya ne, kwaltar ma ita ce dai.

Akwai wata al'ada tamu da ta shagwaɓa mu. A garin nan in mota ta buge keke, kafin a tambayi yadda aka yi an riga an yanke hukunci: babba ne da laifi. Jama'a su taru, a yi ta hayaniya, direba ya kwashi mutum zuwa asibiti, ya biya magani, ya biya gyara. Tausayin talaka ne, kuma akwai kyau a cikinsa. Amma ya sa wasunmu shiga titi da gadara, suna ganin ai ba wanda ya isa ya taɓa su. Ko direban ya biya, ƙafar da aka ɗora taka ce, kai za ka kwanta iyalinka na jiran cefane. Kuma karɓar kuɗin mutumin da ka san kai ka faɗa masa, don kawai taro ya goya maka baya, akwai ranar da za a tambaye ka.

Ku masu lodi, ba na raina sana'arku, da ita ake cin abinci. Amma raken da aka ɗaure a gicciye ya mai da keke faɗin mota, alhali mai shi yana tuƙi kamar shi kaɗai ne. A ɗaure shi a tsaye tare da tsawon keken. Rodi ko katakon da ya zarce, a ƙulla masa jan ƙyalle. In kaya ya fi ƙarfin hawa, a tura. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Goyo kuma, in dole sai an ɗauki yaro a kariya, a lura da ƙafafunsa. Duk mai gyaran keke ya san yadda dugadugin yaro ke shigewa cikin wili, kuma rauni ne mai wuyar warkewa. A sa masa takalmi, a yi masa wurin ɗora ƙafa. Ɗaya a sanda, ɗaya a kariya, ɗaya a kai, wannan ba kai yara makaranta ba ne.

Yanzu a shigo cikin ganuwa, inda nake ganin an fi yin asara. A babban titi mu ne ƙanana, a lungu kuwa mu ne manya, kuma abin da muke kuka da shi a titi shi muke yi wa mutane a lungu. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, lunguna ne na masu tafiya a ƙasa: yara masu fitowa daga zaure a guje, 'yan talla, makafi, tsofaffi masu sanda, mata masu zuwa unguwa. Keke ba shi da ƙara, mutum ba ya jin zuwansa sai ya ji iskarsa. Wannan shi ne aikin ƙararrawa, kuma daga nesa ake kaɗa ta don mutum ya samu natsuwar matsawa, ba a bayan ƙeyarsa ba har ya razana ya faɗa inda kake shirin bi. Hadisi ingantacce ya ce mahayi shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Wanda ke sama aka ɗora wa nauyin ladabi. To mutumin da aka ce ya yi sallama, yaya zai wuce a guje ya watsa wa dattijo ruwan kwata a riga?

Da, ba a ratsa majalisar manya a kan sirdi. Ba a keta masu ɗauke da gawa, tsayawa ake yi a sauka har su wuce. Ranar Juma'a in sahu ya fito titi, ba a kutsawa ana neman hanya tsakanin tabarmi. Babu hukumar da ta rubuta waɗannan, gida ne ya koyar, kuma gidan yana nan. In kuma ƙaddara ta sa ka ture wani, ka tsaya. Keke ba shi da lamba, shi ya sa wasu ke taka feda su ɓace. Ka sauka, ka ɗaga shi, ka ba da haƙuri, in da rauni ka kai shi inda za a duba. Asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, na koyarwa yana Shika, in abu ya yi girma a kan babban titi lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Na ce zan faɗi abin da ya sa ba na roƙon a dawo da lasin da kame. Wanda ya koma keke, rashin kuɗin mai ne ya mai da shi. A ɗora masa wani haraji ko tara, ko a buɗe sabuwar ƙofar tsare mutane a bakin titi, ba gyara ba ne. Abin da nake so daga jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, shi ne koyarwa: su shiga makarantu, su shiga kasuwanni, su yi magana da Hausa a rediyo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Kada ta tsaya a zagayen manya da ɗaukar hoto, a je inda masu rake suke. Garin da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya ke zaune a cikinsa tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, bai kamata a rasa wanda zai tsara wa yaro ɗan aji shida darasin hawa titi ba.

Amma kafin su motsa, akwai mutum biyu da suka fi kowace hukuma kusa da mu. Na farko mai gyara. Duk keken garin nan sai ya bi ta hannunka, Malam mai faci. In an kawo maka faci ka ga ba birki, ka faɗa, ka nace. Ka rataye robar birki da fitilar baya a inda ido zai gani, yadda kake rataye tayoyi. Maganarka ta fi ta mai kaki shiga kunnen mai keke, don ya san kai kake ganin irin wilin da ake kawowa a lanƙwashe.

Na biyu uba. In ka saya wa yaro keke, kada ka miƙa masa ka juya. Ranar Asabar ka hau naka ya hau nasa, ku bi hanyar makarantar tare, zuwa da dawowa. Ka nuna masa hannunsa, ka nuna masa yadda ake miƙa hannu, ka nuna masa mahaɗar da zai sauka ya ja ko da yana ganin ba mota. Ka matsa birkin da hannunka ka ji. In ba ka da keke, ka ari na maƙwabci.

Wassalam.

Naku,
Wani mahayin keke,
Tudun Wada, Zariya.